Ciwon Ƙoda a Wuyan Yaya

Yayata ce ta raine ni. Mahaifiyarmu ta rasu ban kai yaye ba, sai ita da take babba, tana gidan aurenta, ta zo ta ɗauke ni ta goya. A lokacin ta yaye ɗanta na fari ke nan, kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa sashenta. Saboda haka ni na tashi a ɗakin Yaya, shi kuma ɗan da ta haifa ya tashi a ɗakin kakarsa, muna haɗuwa a tsakar gida mu yi wasa. Kawu yake ce mini ko da yake ya ɗan girme ni, ita kuwa dukkanmu Yaya muke ce mata. Ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. In tana da magana da shi, ni take kira: "Auta, ce wa wancan tuwonsa na hucewa."

Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a gefen babban kanal. Maza suna noman rani, shinkafa da tumatir da albasa da alkama, mata kuma da yawansu turara shinkafa suke yi. Yaya ta yi suna a wannan sana'a. Takan sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta jiƙa ta a manyan durumai, ta turara, a shanya, a kai inji. Mace ce mai murya. Daga bakin murhu take ba da umarni a ji ta a zaure, masu kawo buhuna kuma sun san ba a yi mata gardama a kan shinkafar da ba ta bushe ba.

Ciwon farko da fitsarin jini ya zo. A wajenmu wannan ba abin tayar da hankali ba ne, don duk mai shiga ruwan kanal ya san tsargiya. Ta sha maganin tsargiya, jinin ya ɗauke, ya dawo, ta kuma fara rama. Da mijinta ya kai ta babban asibiti a birni, hoto ya nuna ƙari a ƙodarta ta hagu. Suka ce ciwon daji ne, suka cire ƙodar gaba ɗaya. Ta yi jinya ta warke, ta koma bakin murhu. A shekarun farko tana zuwa ana duba ta, kullum a ce ba komai. Da mijinta ya rasu zuwan ya yi sanyi, daga baya ya tsaya. Jikar da aka haifa mata a shekarar aikin har ta kusa gama firamare, mu kuwa mun ajiye maganar ƙoda cikin abubuwan da suka wuce.

A wannan lokacin ina koyarwa a wata firamare ta wajen Bunkure, ina zuwa gida ƙarshen mako. Wata ƙawar Yaya ce ta fara tsayar da ni da maganar wuya. Kirista ce, mutuniyar kudancin Kaduna, mijinta yana aiki a gonakin tumatir na Kadawa, ita kuma tana sayar da abinci a bakin titi, a wajen Yaya take ɗaukar shinkafa. Sun daɗe tare, har yaran gidan Mama suke ce mata. A ƙofar gida muka haɗu tana ɗora buhu a kan babur, ta ja ni gefe.

"Malam, ka dubi wuyan yayarka kuwa?"

Na ce ban lura da komai ba.

"Ba za ka lura ba, ai ta daina cire hijabi in kuna nan. Ni na gani, na kuma taɓa. Da azumi bai kai haka ba. Na yi mata magana ta share ni, kai ka gwada."

Na shiga na tarar da Yaya tana juya shanya da ƙafa. Na gaishe ta, na zauna, na rasa ta inda zan fara. Ita ce ta sauƙaƙa mini. Ta ce ta hango mu a ƙofa, ta san abin da aka gaya mini. Ta ɗage hijabin. A gaban wuyanta, ta ɓangaren dama, akwai kumburi kamar ƙwan kaza, yana hawa yana sauka in ta haɗiyi yawu.

"Maƙoƙo ne," in ji ta. "Gwaggonmu da nata ta tsufa, bai hana ta komai ba."

Na ce duk da haka a je a gani. Ta ce a bari a gama kwashe shinkafar rani, yanzu ne aiki ya kankama. Ban matsa mata ba, don na san in aka matsa wa Yaya ƙara kafewa take yi.

Ita da kanta ta sauya magana. Wata Asabar muna cin abincin rana, lomar tuwo ta tsaya mata. Ta yi tari har idonta ya kawo ruwa, surukarta tana bubbuga mata baya. Da abin ya lafa ta wanke hannu. Sannan ta ce, "Auta, nemi izini a makarantarku. Litinin za mu birni. Gwaggo ba ta taɓa ƙwarewa da tuwo ba."

Muka hau motar haya a bakin titin Zariya. A asibiti, bayan dogon layi, muka shiga wajen wata likita, babbar mace, Bahaushiya, mai magana a hankali. Ta tattaɓa wuyan, ta sa Yaya ta haɗiyi ruwa, ta tambayi yadda take barci da yadda take cin abinci. Can ta ce, "Hajiya, an taɓa yi miki wani aiki?"

"A'a," in ji Yaya. Sai kuma ta tuna. "Sai dai ƙoda da aka cire mini tun maigidana yana da rai. Amma wannan ya daɗe."

Likitar ta ajiye biro. Ta tambayi dalilin cirewar, na gaya mata. Ta nemi ganin tabon, Yaya ta nuna mata a bayan labule. Da suka fito ta ce mai yiwuwa maƙoƙo ne na yau da kullum, don shi ya fi yawa, amma ba za ta ɗauka haka nan ba. Za a yi hoton wuyan, a kuma sa siririyar allura a zuƙo kaɗan daga cikin kumburin a auna.

Muka yi duk abin da ta ce, muka koma gida muka jira. Yaya ba ta zauna ba. A kwanakin nan ta turara shinkafa fiye da yadda ta saba, ta hana kowa yi mata maganar asibiti.

Ranar da muka koma karɓar sakamako, likitar ta jawo kujerarta kusa da ta Yaya. Ta yi mana bayani cewa a gaban maƙogwaron kowane mutum akwai wata 'yar tsoka da suke kira tayirod, ita ce take daidaita zafin jiki da kuzarinsa, ita ce kuma take kumbura ta zama maƙoƙo. Ta ce abin da suka samu a cikin ta Yaya ba maƙoƙo ba ne, ba kuma ciwon da ya fara a wuya ba ne. Ciwon dajin ƙoda ne.

Yaya ta ɗan karkata kai, kamar yadda take yi in dillali ya faɗi abin da bai shige ta ba.

"Likita, ƙodar nan ai ba ta jikina. An cire ta."

"An cire ta, Hajiya. Amma kafin a cire, wasu ƙananan ƙwayoyin ciwon sun riga sun bi jini sun tafi. Irin wannan ciwon yakan yi haka. Sai su sami wuri su lafe, shekara da shekaru ba a san da su ba, sannan su tashi. Naki a wuya suka sauka. Ba kasafai ake ganin haka ba, amma ana gani."

Yaya ta ce, "Kamar irin ciyawa da ruwan kanal yake kwasowa. A nome ta a gonar sama, ta fito a ta ƙasa."

"Kamar haka," in ji likitar.

"To sun sauka a wani wurin ban da nan?"

Likitar ta ce abin da za a duba ke nan yanzu. Aka yi mata hoton ƙirji da na ciki, aka duba ƙodar da ta rage. Wannan karon jiran ya fi mini wuya. Da sakamakon ya fito ba a ga komai a ko'ina ba sai wuyan. Likitar ta ce tunda wuri ɗaya ne, shawararsu a yi aiki a cire tsokar gaba ɗaya. Ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce Yaya za ta riƙa shan ƙwayar magani kowace safiya har ƙarshen rayuwarta a madadin aikin da tsokar take yi. Ta ce jijiyar murya a nan kusa take bi, kumburin kuma ya matse ta, saboda haka murya tana iya sauyawa, tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa. Ta ce ba za ta yi alkawarin ciwon ba zai sake fitowa a wani wuri ba. In kuma aka bar shi, zai ci gaba da girma har ya tare hanyar numfashi.

"A sa rana," in ji Yaya.

Likitar ta ce ta je ta yi shawara da iyali tukuna.

A gida ne abin ya tsaya. Tun rasuwar mahaifinsa, ɗan farin Yaya shi ne babba a gidan. Manomi ne na gaske, mutum mai ƙarancin magana, ba ya musu da kowa. Na same shi a zaure bayan la'asar na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kawu, ban yarda ba."

Na tambaye shi dalili.

"Wuya ne fa. Nan ake yanka rago. Kuma kowa yana cewa ciwon daji in ƙarfe ya taɓa shi tashi yake yi. An taɓa shi sau ɗaya, ga shi ya tashi."

Na ce likita ta ce ba wuƙa ce ta tashe shi ba, tun kafin aikin farko ya bi jini. Ya ce likitar da bakinta ta ce ba ta yi alkawari ba. Ya ce shi ne ya tsaya a kanta ranar da aka fito da ita daga aikin farko, ya ga fuskarta, ba zai iya sake ganin wannan ba.

Labari ya bazu a dangi. Aka fara zuwa dubiya, kowa da abin da ya riƙo. Wata ta kawo sassaƙen da aka ce ya warkar da wani a Garun Malam, wani ya ce akwai mai magani a ƙetaren kogi da yake narkar da kumburi da shafe. Limamin unguwarmu ya aiko da rubutu. Yaya ta sha rubutun, ta yi godiya ga kowa, ta ce a ci gaba da yi mata addu'a, asibiti kuma za ta. Ni kuwa na zama ɗan aike tsakanin ɗaki da zaure. Ta ce in ce wa wancan ba ta son ta tafi ba da yardarsa ba. Ya ce in ce wa Yaya ta yi haƙuri a gwada na gida tukuna. Ta ce in ce masa abin yana girma, har ta fara jin sa in ta kwanta rigingine.

Wata safiya ta ce in raka ta gona. Na yi mamaki, don Yaya ba ta zuwa gonarsa. Muka bi gefen kanal, tana tafiya a hankali, tana tsayawa ta huta. Muka same shi cikin fangalin tumatir, wando a naɗe, fartanya a hannu, yana buɗe wa ruwa hanya. Da ya hango mu ya fito da sauri ya durƙusa ya gaishe ta, ya juyo wajena yana jiran in faɗi abin da ya kawo mu.

"Ba Auta ne zai yi magana ba," in ji Yaya. "Ni ce. Ɗago ka dube ni."

Ya ɗago. Ina tsaye a gefe, ban san inda zan sa idona ba. Ta sauke hijabinta zuwa kafaɗa, ta kama hannunsa da laka da komai ta ɗora a kan kumburin.

"Ka ji shi? Ni nake kwana da shi. Na san tsoro kake ji, ni ma ina ji. Amma ba zan zauna a ɗaki ina kallo ya shaƙe ni ba. In kwanana ya ƙare a teburin likita, can aka rubuta, ba kai ka kai ni ba. In kuma da saura, ina so in yi sauran ina haɗiyar abinci." Ta ɗan numfasa. "Zan iya tafiya da Auta ba tare da kai ba, ka sani. Ba na son haka. Kai na haifa da fari, kai nake so ka kai ni."

Ruwa ya cika fangalin ya fara tsallakewa zuwa na kusa, ba wanda ya kula. Hawaye ya riƙa bin gemunsa. Daga baya ya ce, "To, Yaya. Allah ya sa mu dace." Ta ce amin, ta mayar da hijabinta, ta ce masa ya je ya tare ruwansa kada ya kashe tumatir.

Shi ya kai ta. Shi ya sa hannu, shi ya ba da jini, dangi kuma kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Ranar aikin muna zaune a kan benci a waje, ni da shi da ƙawarta, wadda ta rufe rumfarta ta biyo mu. Mu muna jan carbi, ita ta sunkuyar da kai tana tata addu'ar. Bayan azahar likitar ta fito ta ce an cire duka, numfashinta lafiya, sai dai kumburin ya manne wa jijiyar murya ta gefe ɗaya, sun yi iya ƙoƙarinsu.

Da aka bar mu muka shiga, Yaya tana kwance da bandeji a wuya da wata 'yar roba tana fitar da ruwa. Ta buɗe ido ta motsa baki. Abin da ya fito iska ce kawai. Ta sake gwadawa, haka. Na ga ranta ya ɓaci, ta rufe ido. Ɗanta ya matsa ya kara kunnensa a bakinta, ya saurara, ya ɗago ya ce ruwa take so. Tun daga ranar shi ne mai jin maganarta. Ni da na saba kai saƙo, sai na koma tambayarsa me ta ce.

Kwanakin asibiti ba su zo da sauƙi ba. Yatsunta da leɓunanta suka riƙa yi mata zum-zum kamar tururuwa na bi, aka ce sinadarin ƙashi ne ya yi ƙasa a jininta, aka ba ta magani ya lafa. Kunu take sha da cokali, kowace haɗiya da zafi, amma ba ta taɓa ture kofin ba. Nas ta ce ta riƙa tashi tana takawa, sai ta mayar da abin aiki, ta bi barandar ɗakin mata daga wannan ƙarshe zuwa wancan tana dafe da bango. An auna abin da aka cire, ya tabbata na ƙoda ne.

Da muka dawo gida aka hana ta zama kusa da hayaƙi na wani lokaci. Wannan ya fi ciwon damunta. Sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya, nesa da murhu, tana kallon surukanta suna turare. Ta ga an kusa wuce lokacin saukewa, ta buɗe baki, murya ba ta kai ba. Sau da yawa na ga ta dunƙule hannu ta buga a cinya. Wata rana wani duro guda ya dahu ya wuce misali tana kallo, ta tashi ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai magariba.

Washegari ta fara abin da ta tsara wa kanta. Bayan sallar asuba takan zauna a kan dardumarta ta karanta gajerun surori a bayyane, gwargwadon abin da maƙogwaron ya ba ta. Da farko ko wanda ke ɗakin ba ya ji sosai. Likita ta koya mata wasu dabarun fitar da sauti, ta haɗa da su, tana yi ko da jikoki suna dariya. Damina ta shigo ta fita tana wannan. A hankali murya ta fara kamawa. Ba irin ta da ba ce. Ta dawo a dishe, ƙasa-ƙasa, in ta daɗe tana magana sai ta gaji. Amma ana jin ta daga ɗaki zuwa tsakar gida, ta kuma koma sana'arta, sai dai yanzu kiran mutum take yi ya zo kusa. Ƙwayar maganinta tana sha da sassafe kafin ta ci komai, da azumi kuma kafin sahur. Ranar komawa asibiti ita ce take tuna mana.

A zuwanmu na bayan nan, likitar ta daɗe tana duban hoton ƙirji. Ta ce akwai wani ɗan ɗigo a huhun dama da babu shi a hoton baya. Ƙarami ne ƙwarai, ba za ta iya cewa ga abin da yake ba tukuna. Za a sake hoto bayan 'yan watanni. In ya girma akwai magungunan sha da ake bayarwa, akwai kuma wasu hanyoyin. Yaya ta tambaya ko akwai abin da za ta bari ko ta ƙara kafin nan. Likitar ta ce ta ci abinci, ta yi tafiya, ta dawo ranar da aka ce. Ta ce za ta dawo in Allah ya kai mu.

A motar da muka aro ɗanta ne yake tuƙi, ina gefensa, ita tana baya. Muka kamo hanya har muka wuce Kumbotso. Can ta dafa kafaɗarsa ta ce kada ya karya kwanar gida, ya miƙe. Ya tambayi ina za mu. Ta ce Tiga. Ta ce tun tana amarya take jin ana cewa daga dam ɗin can ruwan gonakinmu yake zuwa, ba ta taɓa ganin sa ba, yau kuma tunda ga mota ga rana da sauran tsawo, tana so ta gani.

Muka je. Ta fito ta taka da ƙafarta har inda ake iya tsayawa, ta ƙi a riƙe ta. Iska tana kaɗa hijabinta, masunta suna can nesa a cikin kwale-kwale. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka yake da yawa," in ji ta.

Muka yi sallar la'asar a nan. Ta sa aka sayo kifi soyayye a wajen wata mata, ta zauna a kan dutse ta cire ƙayar da kanta, ta ci guda ɗaya har da kai. Ta ce a ƙunsa wa yara nasu, a kuma ware na ƙawarta a miƙa mata a bakin titi in mun zo wucewa.